Tabon Da Ke Hannun Gehazi

Karatu: 2 Sarakuna 5:20-27

A ƙasar Indiya, jiragen ƙasa suna ɗaukar miliyoyin mutane kowace rana, ma'aikatan hukumar jiragen kuwa sun fi miliyan ɗaya. Ba da kwangila, ƙarin girma, sauyin wurin aiki, biyan kuɗin aikin da aka gama, duk sai wani jami'i ya sa hannu, ta nan ne kuwa rashawa take samun ƙofa. Saboda haka hukumar bincike ta gwamnatin tarayya, wato CBI, takan ɗana wa masu neman toshiyar baki tarko.

Ga yadda ake ɗana shi. Ɗan kwangilar da aka matsa wa ya ba da kuɗi yakan kai ƙara a rubuce. Masu bincike su rubuta lambobin takardun kuɗin a gaban shaidu, su barbaɗa musu wani farin gari mai suna finolftalin, wanda ba a lura da shi a kan takarda. Da zarar jami'in ya karɓa, sai su bayyana, su tsoma yatsunsa cikin ruwa mai sinadari irin na kanwa. Nan take ruwan ya juya ja-ja, a zuba shi a kwalba, a liƙe, a ajiye wa kotu. Baki yana iya musu, amma hannu ya riga ya ba da shaida.

Duk da haka kotu ba ta hukunta mutum a kan launin ruwa kaɗai. Bisa dokar hana rashawa ta 1988, dole masu gabatar da ƙara su tabbatar cewa jami'in ya nema, ya kuma karɓa. A shekara ta 2022, alƙalai biyar na Kotun Ƙoli suka yanke cewa ko mai ƙara ya mutu, ko ya juya baya, ana iya tabbatar da laifin da sauran hujjoji. Hukuncin shi ne ɗaurin shekara 3 zuwa 7 tare da tara.

Wannan jan ruwa yana tuna wa mai karanta Littafi Mai Tsarki da Gehazi, baran annabi Elisha. Elisha ya ƙi karɓar kome daga Na'aman bayan Allah ya warkar da shi, amma Gehazi ya ga dama ta zo. Ya bi karusar a guje, ya yi ƙarya da sunan maigidansa, ya karɓi talanti biyu na azurfa da tufafi, ya ɓoye a gida, ya koma ya tsaya kamar bai je ko'ina ba. Babu mai ƙara, babu shaidu, babu gari a kan azurfar. Amma Allah ya gani, kuturtar Na'aman kuwa ta manne wa Gehazi da zuriyarsa. Tarkon mutane yakan kama ɗaya ya bar dubu, amma babu abin da hannu ya karɓa a ɓoye da ba ya barin tabo a gaban Ubangiji.

Abin lura ga iyalai shi ne, tabon bai tsaya a kan Gehazi kaɗai ba. A watan Mayu na 2013, CBI ta kama wani dangi na kusa na ministan jiragen ƙasan Indiya, bisa zargin karɓar rupi miliyan 9 domin a sama wa wani babban jami'in hukumar muƙamin da yake so. Ba a tuhumi ministan, Pawan Kumar Bansal, a kotu ba, amma kwanaki kaɗan bayan haka ya sauka daga kujerarsa. Rashawa takan shigo ta ƙofar dangi, takan kuma fita da mutuncin gida duka. Matar da ta ga kuɗin da ya fi albashi ta yi shiru, da 'yan'uwan da suke ce wa ma'aikaci wawa domin bai tara ba, suna taya shi bin karusar Na'aman ne.

Mai bayarwa ma ba shi da mafaka. Dokar Indiya tun 2018 tana hukunta shi, sai dai in tilasta masa aka yi, ya kuma kai rahoto cikin kwana 7. Manzo Bulus ya zauna a tsare shekara biyu, gwamna Filikus yana ta sa rai zai ba shi kuɗi, amma bai sayi 'yancinsa ba (Ayyukan Manzanni 24:26-27). Gaskiya tana da tsada, mai bi kuwa ya san ta fi azurfa daraja.

Sura ɗaya ce ta ɗauki mutane biyu. Na'aman ya ƙasƙantar da kansa, ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun, ya fita da tsabta. Gehazi ya ɓoye zunubinsa, ya fita da kuturta. Wanda hannunsa ya riga ya ƙazantu yana da hanya: ya furta, ya tuba, ya mayar da abin da ya ƙwace kamar yadda Zakka ya yi, gama jinin Yesu Kiristi yana wanke tabon da babu ruwan da ke iya wanke shi. Ubangiji ya ba kowane gida wadar zuci da hannuwa masu tsabta. Amin.