Karen da Ba Shi da Ubangida

A birnin Landan akwai gidan karnuka da ake kira Battersea, wanda wata mata, Mary Tealby, ta assasa a 1860 don karnukan da suka ɓace ko aka yasar. Irinsa sun bazu a Ingila da Amurka, kuma kukan ma'aikatansu ɗaya ne: keji ya cika, abinci bai isa ba, cuta na bi daga wannan zuwa wancan, ga wani a bakin ƙofa da kwali cike da 'yan kwikwiyo. Ka ba mutumin garin Faru wannan labari, dariya zai yi, ya ce Turawa sun rasa aikin yi.

Alhali mu ma muna da namu gidan karnukan, katanga da mai gadi ne kawai babu. Duk wanda yamma ta taɓa riska a kasuwar Talatar Mafara, bayan mahauta sun kwashe faifansu, ya ga taron. Juji ne wurin cinsu, ƙarƙashin rumfa makwancinsu, kunnuwa cike da kaska, ana faɗa a kan ƙashi guda.

Ba daga sama suka faɗo ba. Addini ya yarda a riƙe kare don farauta ko gadin gona da dabbobi, amma riƙon namu rabi da rabi ne. Da rani, lokacin shiga daji, kare ɗan gata ne, har suna gare shi. Damina na sauka kowa ya nufi gona, sai a bar shi ya nemi na bakinsa. Karya ta haifi shida, a ɗauki namiji ɗaya, sauran yara su kai bayan gari. Sai kuma abin da rashin tsaro ya ƙara: wanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensa a ƙasar Maradun ko Bakura, da goyo da tabarma, ba wanda zai tuhume shi don bai waiwayi kare ba. Amma karen yana raye, kuma yunwa za ta kawo shi gari.

Abin lura a nan shi ne, dabbar da kowa ya ce ba tasa ba ce, kowa ne ke biyan kuɗinta, yawanci ma yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, har mutum ya soma tsoron ruwa, da wuya ƙwarai a tashi. Ga shi rigakafin ba sabo ba ne, tun 1885 Louis Pasteur ya gwada shi a Faransa. A nan gida ma, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana haɗa allurar karnuka.

Mun fi sabawa da sanda da guba. In aka ce kare ya haukace, samari su bi shi da gora, a huce haushi. Ba ya magani, domin muddin juji na nan wasu za su maye gurbin. Masana sun ce sai an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura kafin cutar ta yanke, kuma wa zai kama karen da bai san kiran kowa ba? Shi ya sa aikin yake wuyan masu kare tun yana gida.

Mafarauta da makiyaya, ku kai karnukanku wurin likitan dabbobi a yi musu allura. Sarakunan fawa su sa a riƙa binne tarkacen yanka. Iyaye kuwa, in kare ya ciji yaro, a wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga ko karen mahaukaci ne.