Sunan Allah da ya ɓoye a cikin kalma

Duk wanda ya zauna da mutanen Sifaniya zai riƙa jin wata kalma a bakinsu: ojalá. Manomi ya dubi hadari ya ce ojalá a yi ruwa, uwa ta ce ojalá ɗanta ya dawo lafiya. Mutanen Fotugal da Barazil ma suna da ita, sai dai su oxalá suke rubutawa, su furta "oshala". Haka take a bakin mutanen Galisiya, can arewa maso yammacin Sifaniya, inda wasu kan ce ogallá. A harsunan uku ma'anarta fata ce, kamar mu ce "Allah ya sa". Idan kuma abin ya riga ya wuce, sai ta zama ta nadama, daidai da "da ma" a wurinmu.

Asalinta Larabcin Andalus ne, wato yankin Sifaniya da Musulmi suka mulka. Ƙamus ɗin hukumar kula da harshen Sifaniyanci ya danganta ta da law sha Allah, wato "da Allah zai so". Musulmi sun shiga ƙasar a shekarar 711 ƙarƙashin Ɗariƙ bin Ziyad, mulkinsu bai ƙare ba sai da Garnaɗa ta faɗi a 1492. A wannan dogon zama Kirista da Bayahude da Musulmi sun ci kasuwa ɗaya, maganar wani ta shiga bakin wani. Daga baya, a 1567, Sarki Filib na Biyu ya hana zuriyar Musulmin Garnaɗa magana da Larabci, sannan tsakanin 1609 da 1614 aka kori zuriyar Musulmi daga ƙasar. An kori masu harshen, amma kalmar ta zauna, har a Galisiya da Musulmi ba su daɗe da riƙe ta ba.

To, ta zauna, amma a wane hali? A ƙarni na 16 da na 17 furucin Sifaniyanci ya sauya, "sh" ya koma wani sauti na maƙogwaro mai kama da "kh". Ma'anar ma ta suɗe. Yau mai addini da marar addini duk suna faɗinta, kuma da yawansu ba sa jin sunan Allah a ciki. Yawan faɗa ba tare da tunani ba ya cinye ta, yadda yawon hannu ke goge rubutun jikin kwabo.

A nan abin ya shafe mu. Kullum "in sha Allahu" na bakinmu. Suratul Kahfi ta koyar da a faɗe ta a kan abin da mutum ya ƙudurta yi gobe, domin niyya tasa ce, iko kuwa na Allah. Amma sau nawa tela ke faɗinta alhali bai ko yanka yadin ba? Sau nawa wanda ake bi bashi ke sallamar mai kuɗi da ita, ya san ba shi da niyyar biya? Har ta kai wani in ya ji ta, sai ya cire rai.

Ba doka ce ke kashe ma'anar kalma ba, masu faɗinta ne. Ɗan'uwa, in za ka ce "in sha Allahu", ka tabbata niyyar tana zuciyarka. In kuwa ba za ka iya ba, faɗi gaskiya ka nemi afuwa, kada ka fake da sunan Allah.