Su Wa Za Su Ɗauki Tabarmar?

Karatu: Markus 2:1-12

Shanyayyen Kafarnahum bai kai kansa gaban Yesu ba. Mutum huɗu ne suka ɗauke shi, har suka buɗe rufin ɗaki. Markus ya nuna cewa bangaskiyarsu Ubangiji ya duba.

Irin wannan ɗan'uwa yana cikinmu. Ya faɗi da babur a hanyar Gwaram zuwa Birnin Kudu, ba hular kwano, kansa ya bugi kwalta. Ko kuwa hawan jini ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki, ko sanƙarau ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. An sallame shi, ciwon waje ya warke, amma mutumin da ya dawo gida kamar ba shi ba. Yana manta abin da aka faɗa masa da safe. Harshe ya yi nauyi. Dattijon da aka sani da haƙuri yanzu abu kaɗan sai faɗa, matarsa tana kuka a ɓoye.

A nan ne muke saurin yanke hukunci. Wani ya ce aljani ne, wani ya ce ya ja da baya cikin bangaskiya. Ɗan'uwa, ka yi hankali da bakinka! Ƙwaƙwalwa nama ce da Allah ya halitta, ita ke riƙe da tunani, magana da hali. In ta ji rauni, su ma sai su girgiza. Na gaskata da ikon warkarwa cikin sunan Yesu, Halleluya! Amma ɗora hannu ba ya hana mu ɗaukar tabarma.

Wanda ya bugu a kai, ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko jini na fita ta kunne, a garzaya da shi Asibitin Tarayya na Birnin Kudu a daren, kada a jira gari ya waye. In abin na tiyatar ƙwaƙwalwa ne, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Bayan sallama kuma sai zuwa sashen gashin ƙashi, inda ake koya wa hannu da ƙafa aiki daga farko. Watanni 6 na farko ne jiki ya fi saurin farfaɗowa, kuma a daidai lokacin ne kuɗin mota ke ƙarewa, masu dubiya su ɗauke ƙafa. Zumuntar mata da matasa, ku raba ranakun rakiya a tsakaninku. In ya maimaita tambaya sau biyar, a amsa masa sau biyar.

Addu'a: Ya Uba, ka taɓa ƙwaƙwalwar bawanka, ka ƙarfafa matarsa, ka ba ni kafaɗar ɗaukarsa. Cikin sunan Yesu, Amin.