Wa Aka Bar wa Makullin Rumbu?

A Gammo da sauran ƙauyukan Kabo da Gwarzo, ba a ganin laifin magidancin da ya tafi cirani bayan kaka. Abin da ake tambaya shi ne wa ya bar wa gida. In ya danƙa rumbu a hannun ƙaninsa, sai a yi masa fatan sauka lafiya. In kuwa ya sulale da asuba da makulli a aljihu, surutu ya same shi.

Da wannan mudun nake auna hutun shugabanni. Masu cewa shugaba bai cancanci hutu ba sam, ban bi su ba. Jiki da jini ne, kuma gajiyayyen shugaba ya fi kowa saurin yanke hukuncin da za a yi nadama.

Ranar 23 ga Nuwamba 2009 aka tafi da Umaru Musa 'Yar'aduwa Jidda jinya, ba tare da wasiƙar miƙa mulki da sashe na 145 na tsarin mulki ya ambata ba. Kwana 78 ƙasa na rataye, har majalisa ta ayyana Goodluck Jonathan muƙaddashi ranar 9 ga Fabrairu 2010. Mara lafiya yana da uzuri. Waɗanda ke kewaye da shi, da suka ga kujera ta zauna babu kowa ya fi musu a ba wani aro, su ne nake tuhuma. Mulki amana ce, ba gadon gida ba.

Muhammadu Buhari ya rubuta wasiƙar a 2017, ya bar wa Yemi Osinbajo riƙo, ya yi sama da kwana 100 a Landan daga Mayu zuwa Agusta. Doka ta gamsu, amma gunaguni bai tsaya ba, kuma a nan lamarin ya fi wuya. Mai ciranin Gammo yana barin gida ne don ya kawo abin da babu. Shugaban da ke ketare teku neman likita ko iska mai daɗi yana barin asibitin da aka zaɓe shi ya gyara. Talakan da ya zaɓe shi kuwa, in ciwo ya fi ƙarfin asibitin Gwarzo, iyakar tafiyarsa layin Asibitin Murtala a Kano, shi ma sai ya sayar da akuya.