Yabon da Ya Zama Bashi

A ranar 19 ga Afrilu, 1994, wani saurayi mai shekara 20 daga unguwar Queensbridge ta birnin New York, Nasir Jones wanda aka fi sani da Nas, ya fitar da kundinsa na farko mai suna Illmatic. Waƙoƙi goma ne kacal. Kafin nan sunansa bai wuce bakin masu bibiyar hip-hop na bayan fage ba, waɗanda suka fara jin baitocinsa a faifan ƙungiyar Main Source a 1991. Mujallar The Source ta ba kundin makirufo biyar, makinta mafi girma. Kasuwa kuwa ta ja ƙafa, domin sai a 2001 aka tabbatar da cinikin kwafi miliyan ɗaya a Amurka.

A 1996 ya fitar da It Was Written, wanda ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard. Nan take wasu daga cikin masu sharhi suka ce ya bi kuɗi ya bar gaskiya. Daga lokacin, kowane sabon aikinsa da Illmatic ake auna shi. Tambayar da nake son tattaunawa ita ce: shin wanda ya yabi mai fasaha yana da haƙƙin ya bi shi bashin maimaita abin da aka yaba?

Masu sharhin suna da hujja. Sun ga kundin da ya bayyana rayuwar gidajen gwamnati na talakawa ba tare da kwaskwarima ba, suna kuma tsoron kamfanoni su mayar da wannan murya haja. Sharhin da ba ya iya cewa aiki ya ragu, fadanci ne.

Sai dai akwai abin da hujjar ta tsallake. Gaskiyar da ke cikin Illmatic da tsada aka samo ta. Nas bai kammala sakandare ba, kuma a 1992 aka harbe amininsa Ill Will a unguwarsu. Mai sharhi yana sauraren wannan baƙin ciki a ɗakinsa, ya rubuta yabo, ya tashi lafiya. Idan ya nemi mawaƙin ya dawwama a kan murya ɗaya, to a fakaice yana neman ya dawwama a halin da ya haifi muryar. A ganina wannan ya wuce haƙƙin mai sauraro. Wanda bai kwana a cikin talaucin ba, bai dace ya mayar da shi sharaɗin inganci ba.

Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Idan dole ne, ashe haƙƙi aka biya, kuma wanda ya biya haƙƙi ba ya bin kowa bashi. Mai sharhi yana da damar ya ce kundi na biyu bai kai na farko ba, muddin baitoci da kiɗa ya auna. Da zarar ya koma tuhumar mawaƙi don ya fita daga ƙunci, ya bar adabi ya shiga rayuwar mutum.

A 2021 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya Illmatic cikin faifan da za a adana wa tarihi. Kundi ya cancanci a adana shi yadda yake. Mutumin da ya yi shi kuwa yana da ’yancin ya girma, ya sauya, har ma ya gaza.