Masu Gabatar da Shirin Yara, Kada Ku Saki Makirufo

A gidajen rediyo da talabijin da yawa, shirin yara ne ake miƙa wa sabon ma'aikaci ya koyi aiki a kansa. Kuɗinsa ragowar kasafi ne. Idan kuwa wani mai hannu da shuni ya sayi fili, shi ake fara ɗagewa. Ku da kuke gabatar da shi kun fi kowa sanin haka, ku da kuke tara yara a situdiyo cikin zafi, kuna lallashin wannan, kuna share wa wancan hawaye, wani lokaci ma ku biya musu kuɗin mota daga aljihunku. To ku ji ni da kyau: aikinku ya fi na mai karanta labarai wuya. Babba yakan daure ya saurari shirin da ya gundure shi. Yaro tashi yake yi ya tafi wasansa.

Ku dubi Fred Rogers na birnin Pittsburgh a Amurka. Daga 1968 zuwa 2001 ya gabatar da shirinsa Mister Rogers' Neighborhood, kashi 895, ba ihu, ba tsalle-tsalle. Zai shigo ya sauya takalmi, ya sa rigar sanyi da mahaifiyarsa ta saƙa, ya dubi kyamara ya yi magana a hankali kamar yaro ɗaya ne kawai a gabansa. Bai guje wa batutuwa masu nauyi ba: mutuwa, rabuwar iyaye, tsoro, fushi, duk ya tattauna su da yara. Wata rana wata yarinya makauniya 'yar shekara biyar ta aiko masa da wasiƙa tana damuwa ko yana ciyar da kifayen da ke cikin shirin, tunda ba ta gani. Sai ya riƙa faɗi da bakinsa cewa ga shi yana ba su abinci. Wannan labari na 'yan rediyo ne musamman, domin ku babu mai sauraronku ko ɗaya da yake ganinku. Abin da ba ku faɗa ba, bai faru ba a wurin yaron da ke jingine da akwatin rediyon kakarsa.

Mutumin nan kuma bai tsaya a situdiyo ba. A 1969 gwamnatin Shugaba Nixon ta so ta rage dala miliyan 20 na talabijin ɗin jama'a zuwa rabi. Rogers ya je gaban kwamitin Majalisar Dattawa, ya yi bayanin kusan minti shida kan abin da shirinsa ke yi wa zuciyar yaro. Sanata John Pastore, wanda ya fara sauraro a murtuke, ya ƙare da cewa ga alama Rogers ya samo musu kuɗin nan.

Mu ma a Nijeriya mun ga ƙarfin wannan aiki. Tales by Moonlight da NTA ta fara a 1984 ya tara yara a gaban talabijin shekara da shekaru, da tatsuniya kawai. Ga Gizo da Ƙoƙi, ga kacici-kacici, ga waƙoƙin gaɗa suna neman salwanta a bakin tsofaffi, yayinda wayar hannu ke cika kunnen 'ya'yanmu da abin da ba a yi dominsu ba.

Saboda haka ku miƙe! Ku ɗauki rikoda ku shiga unguwanni wurin kakanni tun suna raye. Ku shirya rubutun shirinku da natsuwar da ake shirya labaran ƙarfe takwas. Ku bar yaro mai in'ina ya ƙarasa maganarsa, kada ku katse shi. Ku amsa saƙon kowane yaro, ku ambaci sunansa da garinsu. Ranar da aka ce za a ɗage filinku saboda talla, ku shiga ofishin manaja da saƙonnin nan a hannu, ku karanta masa su ɗaya bayan ɗaya.