Garin Kan Tebur

A Amurka da Turai akwai dattawa, masu iyali da furfura, waɗanda abin ɗebe kewarsu shi ne gina ƙaramin layin dogo a kan tebur. Jirgi na zagayawa da wutar lantarki, a gefensa ga gari sukutum: tasha, tankin ruwa, ofishin ɗan sanda, mashaya, har da mutane ƴan mitsi-mitsi. Ma'aunin da suka fi amfani da shi sunansa HO, wato kashi 1 cikin 87, mutum cikakke bai wuce santimita 2 ba. Kar ku yi dariya tukuna. Mu ma mun yi irinsa da laka da kara da gwangwanin madara, in ruwa ya ɗauke ƙasa ta yi taushi. Bambancin kawai su nasu da kuɗi, mu namu iska ke rushe shi kafin magariba.

Cikin garuruwan da suke ginawa akwai na yammacin Amurka a zamanin kaboyi, garin bakin iyaka da jirgi ya iso. To a nan tambayata take. Wanda ya ƙanƙanta gari dole ya zubar da wani abu, tebur ba ya ɗaukar duniya. Shin abin da ya zubar ɗin, akwai alhaki a ciki, ko kuwa wasa wasa ne?

Dubi tarihin garin da suke kwaikwaya. Layin da ya haɗa gabas da yammacin Amurka an gama shi ranar 10 ga Mayu 1869. Ɓangaren yamma, leburori ƴan Sin fiye da 10,000 ne suka fasa duwatsunsa, amma a shahararren hoton ranar bikin da wuya ka nuna fuskar ɗayansu. Ƙasar da layin ya ratsa kuma tana da masu ita tun kafin zuwan Turawa. Irin waɗannan garuruwan kan tebur haka suke bin sawun wancan hoto: ga kaboyi, ga doki, ga jirgi, bayan gari kuma fili fetal kamar ba a taɓa haihuwar kowa a can ba. Mai ginin bai yi ƙarya da baki ba. Kowane ɗaki da ya ɗora an yi irinsa da gaske. Sai dai jikansa da ya tashi yana kallon teburin, abin da zai riƙe shi ne ƙasar ba ta da kowa sai da jirgi ya zo.

Abin ya shafe mu, don mu ma garin bakin iyaka ne da ke jiran jirgi. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke da kwangilar. Zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya, kuma daga Jibiya zuwa Maraɗi ba hanya sai ta ƙasar Madarumfa. Na yi lissafi: in za a gina layin nan duka a ma'aunin HO, sai an samu tebur mai tsawon fiye da kilomita 3. Ke nan ko wane ne zai gina shi, sai ya yanke. Sai ya zaɓa.

A ce mu ƴan ƙungiyar nan aka ba aikin, a ce mu gina Ɗan Isa ko Madarumfa ranar da jirgi ya iso. Na san abin da za mu fara sawa. Tabki, da shuɗin fenti. Kaburburan waliyyai 99 da ake faɗin suna kewaye da shi. Masallaci, kasuwa, shingen duwan da tuta, sabuwar tasha fara fat. Duk gaskiya ne, ko kuma fata ne mai kyau. To ɗan ruwa-ruwa fa, da jarkokin mai shida ɗaure a bayan babur, za mu sa shi? Wallahi da yawanmu kuɗin littafinmu daga irin jarkar nan ya fito. Manomin da layi zai raba wa gona biyu, rijiya ta koma wancan gefe? Matar da ke sayar da tuwo ga direbobin manyan motoci, wadda in kaya suka koma jirgi kasuwarta ta mutu? Mutanen da suka tsallako daga Katsina da Zamfara tun 2019 suna gudun ƴan bindiga, da namu na wajen dajin Baban Rafi da ba su barci da ido biyu rufe? Wani zai ce ai waɗannan suna ɓata kyan abu. Ni kuwa ina ganin su ne garin.

Amma bari in yi wa ɗaya gefen adalci, don yana da hujja. Ba kowane gini ne shaida ba, wani ginin addu'a ne. Yaron da ya gina gari da laka bai sa jandarma mai tare hanya ba, ba za a ce ya ɓoye gaskiya ba, ya gina garin da yake so ne. Mutanen da suka ga an rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris 2024, buhun abinci ya gagari mai gida, ba su da haƙƙin su yi mafarkin gari marar shinge? Suna da shi mana.

Inda nake raba su shi ne wa za a nuna wa. Garin yaro ba ya cin gonar kowa. Amma akwai wani ƙaramin gari da ake sawa cikin gilashi a kai gaban ministoci da masu ba da bashi, wanda injiniyoyi ke yi kafin babban aiki. Wannan in an manta da kai a cikinsa, to a ƙasa ma an manta da kai, don a kansa ake sa hannu. A irinsa ciyawa kullum kore ce, mutane kullum sanye da kwat suna tafiya tasha. Kuma mu ƴan Nijar mun ga abin da ya fi haka: layin Yamai zuwa Dosso, wajen kilomita 140, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, aka yi bikinsa a 2016, ga tasha ga ƙarfe, jirgin fasinja bai kama aiki ba. Wannan ai garin tebur ne aka gina da girman gaske. Dattijon Amurka kuwa yana tsakiya: bai sa hannu kan komi ba, amma yana koyar da ido abin da zai gani da wanda ba zai gani ba, kuma ido in ya saba, shi ke nan.

Da yake harshe nake karanta, ban iya wucewa ban taɓa kalmar ba. A bakin Amurkawan wancan zamani, kalmar da suke kiran bakin iyakarsu da ita tana nufin inda mutane suka ƙare, gaba sai daji. Tamu ba haka take ba. Iyaka a wurin manomi gamba ce da ake shukawa tsakanin gona da gona, kuma ba a iyaka sai da maƙwabci. Ta Ɗan Isa ma haka: Faransa da Ingila suka shata ta a farkon ƙarni na 20, suka kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908, a tsakiyar mutanen da sarakunansu daga Katsina suka taso suka kafa Maraɗi bayan jihadi. Har yau sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Saboda haka duk wanda ya gina garinmu ya sa iyaka a bakin tebur, bayanta babu komi, ya ari idon wasu ne. In ni ce wuƙa da nama a hannuna, layin iyaka a tsakiyar tebur zai bi, Jibiya ta samu rabi, ko da hakan na nufin a rage girman tabki, tashar jirgin ma ta dawo kamar akwatin ashana.